Tukunyar Hajiya da Kwalaben Farfesa

Duk mai jin Hausa da ya zauna a garin Greensboro na Amurka a shekarun casa'in, in dai ya taɓa zuwa suna ko cin abincin Sallah, to ya ci girkin Liyatu, ko da bai san fuskarta ba. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, 'yar Wusasa ta Zariya. Ta biyo mijinta Malachy a 1991, lokacin da ya sami gurbin karatun digiri na uku a jami'ar da ke jikin unguwar Glenwood. A gida malamar firamare ce. A nan kuwa ba wanda ya nemi ta koyar da kowa, sai ta riƙa wuni a ɗan gidan haya mai ɗaki biyu a cikin Glenwood ɗin, daga ita sai 'yarta Jimmai sai tagar da ke kallon layi.

Girki ne ya fitar da ita daga gidan, amma ba a kwana ɗaya ba. Liyatu Kirista ce, mafi yawan masu jin Hausa a garin kuwa Musulmi ne, 'yan Nijar masu tuƙa tasi da aikin masaƙa, da ɗaliban Najeriya. Farkon zuwanta, in ta kai masa gidan wani, sai a karɓa da hannu biyu, a yi ta sa albarka, bayan kwana biyu a dawo mata da kwano a wanke tas. Ita kuma ta san ba wanda ya taɓa, ko yara ba a ba su ba. Ba ta yi fushi ba. A Zariya ta tashi, ta san abin da ake gudu. Sai ta hana naman alade shiga gidanta, duk da Malachy yana son sa kamar me. Ta daina sayen nama a kanti, ta koma bin Alhaji Tahirou mai tasi zuwa gonar da yake yanka a bayan gari. In mata sun zo gaishe ta, takan aike su da gangan su ɗauko mata tumatir a firij, don su ga abin da ke ciki da idonsu.

Haka ta yi ta fama har ranar da Hajiya Chamsiya ta ci. Hajiya mutuniyar Damagaram ce, babbar mace mai babbar murya, tana aikin shara da goge-goge a manyan gidajen Irving Park, kuma ita ce uwar matan garin. Ta zauna a kicin ɗin Liyatu, ta sa hannu a kwanon dambu, ta tauna a hankali, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Daga ranar ba suna ba biki sai da Liyatu. Abin da ake ba ta bai taka kara ya karya ba, ba shi ne ya dame ta ba. Ita dai ta sami inda za ta zauna cikin mata tana yanka albasa, ta yi Hausa har bakinta ya gaji, a garin da 'yar cikinta ma da Turanci take amsa mata.

Hajiya tana da wata tukunya, ƙirar maƙeran Damagaram, mai kauri, mai kunne biyu, wadda ta naɗe da bargo ta shigo da ita jirgi. Babu irinta a duk garin. Saboda ita ne ba a buga katin gayyata. In aka ga tukunyar Hajiya a but ɗin tasin Alhaji Tahirou, tambaya ɗaya ake yi: gidan wa za ta? Daga nan kowa sai ya goge kayansa. Liyatu ta fi kowa sanin wannan, domin ita ce mai girki a cikinta.

Malachy mutumin kirki ne, sai dai bai iya cewa a'a ba, balle ga Farfesa Holcomb, Baturen da ke duba aikin karatunsa. Malaman sashensu suna da wata al'ada: duk wata gida ɗaya ke karɓar baƙi, a ɗanɗana wani abin sha, sannan a ci abinci. A watan Yunin 1996 Farfesa ya dawo daga Meziko da kwalabe uku na tekila, ga shi ana gyaran kicin ɗin gidansa. Ya tambaya wa zai ba da gida. Malachy ya ɗaga hannu.

"Giya," in ji Liyatu da ya gaya mata. "A gidan nan."

"Ba sha za a yi ba, Maman Jimmai. Ɗanɗanawa ce."

"Da me ake ɗanɗanawar? Da kunne?"

"Kaɗan-kaɗan ake kurɓa. A shinshina, a juya ta a baki, kowa ya faɗi abin da ya ji. Akwai fara, akwai wadda ta ɗan kwana a ganga, akwai wadda ta shekara. Ilimi ne."

"Wato ka taso daga Kagoro har Amurka don ka yi digiri a burkutu."

Bai kula ba, ya ci gaba da jero mata sharuɗɗan Farfesa. Mutum takwas ne, kujera takwas. Kada a kunna turaren wuta. Kada a kawo yaji kafin a gama, yana kashe harshe. Abinci sai daga baya. Babban cikinsu kuma, kada gidan ya yi ƙamshin girki, domin yana toshe hanci.

"To a ina zan yi girkin? A tashar bas?"

"Ga bayan gida nan. Ai kina da murhun gas na biki."

Murhun yana nan, amma wutarsa ta fi ƙarfin tukwanenta na kanti, da ta ɗora shinkafa za ta kama. Ban da haka, tun da aka haifi Liyatu ba ta taɓa ganin an ce mutum takwas kuma takwas ɗin suka zo ba. Hannunta bai san wannan awon ba. Ta kwana tana juyi, da safiyar Juma'a ta ɗaura ɗankwali ta hau bas zuwa gidan Hajiya aron tukunya.

Ta shirya maganar tun a hanya. Za ta ce abin Turawa ne, akwai giya, ba nata ba ne, kada kowa ya zo. Amma ta tarar da Hajiya a kan darduma da carbi a hannu, sai ta ji nauyin ambaton giya a gabanta.

"Lafiya, Maman Jimmai? Me ake yi?"

"Baƙi ne na Baban Jimmai za su zo gobe da yamma, Hajiya. 'Yan kaɗan ne."

"Bon," in ji Hajiya da Faransancinta na 'yan Nijar. "Allah ya kai mu."

Alhaji Tahirou ya zo ya ɗauki tukunyar. Da yake lokacin masallaci ya matso, sai ya ce bari ya fara biyawa can, daga baya ya kawo mata. Liyatu ta tsaya a bakin titi tana kallon motar tana tafiya, murfin but a ɗaure da igiya, kunnen tukunyar ɗaya ya leƙo waje. Ta gaya wa kanta ai ta ce 'yan kaɗan ne.

Ranar Asabar ta kai Jimmai gidan wata ƙawarta ta coci. Ta raba kayan aikinta biyu: farantai da cokulan da za su shiga falo daban, manyan tire da ludayin biki daban, waɗannan ko ƙofar kicin ba su ƙetare ba. Ta ɗora dafa-duka a bayan gida ƙarƙashin bishiya, da naman ragon da Alhaji ya yanka, ga miyar taushe a gefe, ga masa a lulluɓe.

Farfesa ya iso da yamma, da sauran rana, da matarsa da sauran baƙin, takwas cif, abin da ya ba Liyatu mamaki fiye da komai. Ya jera ƙananan kofuna a kan teburin da Jimmai ke aikin makaranta, uku-uku gaban kowa, da yankakken lemun tsami da gishiri da ruwa. Ya zagaya falon yana buɗe hanci, ya ce madalla, ba warin komai. Liyatu ta leƙa ta ƙofar kicin ta ga manyan mutane masu furfura sun tsoma hanci a kofi, ido a rufe, kamar masu jiran wahayi. Wata ta ce tana jin ciyawa. Wani ya ce barkono. Malachy, wanda a gida ko kunun zaƙi sai ya shanye kofi a numfashi ɗaya, ya ce shi yana jin ƙasa bayan ruwan sama. Ta ja tsaki a hankali ta koma wurin tukunyarta.

Tana juya shinkafa ta ji ƙarar birkin da ta sani.

Ta zagaya ta gefen gida da gudu, ludayi a hannu. Hajiya Chamsiya tana fitowa daga tasi cikin leshi ruwan goro, ƙamshin humra ya riga ta sauka. A bayanta Ruwaida ce, matar wani ɗalibi, da tsohon ciki da yara biyu da kular kunun aya. Wata mota ta tsaya a baya, wata kuma tana neman wuri.

"Sannunku da zuwa, sannunku," in ji Liyatu, ta tare hanyar ƙofar gaba da jikinta. "Ta nan, Hajiya. Falo ya cika da Turawa, zafi kuma. Bayan gida ya fi iska."

"Ashe abin babba ne," in ji Alhaji Tahirou, yana sauke tabarmi. Tuni jama'a Dakta suke ce wa Malachy. "Dakta ya gama karatun ke nan? Shi ne ba a faɗa ba?"

"Da saura, Alhaji."

"To ko ƙanen Jimmai ne ke tafe?"

"Alhaji, ga inuwa can."

Kafin a jima bayan gidan ya cika. An shimfiɗa tabarmi har jikin shinge, maza gefe, mata gefe, yara suna tsere tsakanin igiyoyin shanya. Wani ya ce bai yi La'asar ba, ina bayi yake. Liyatu ta jawo masa tiyon ban ruwa kafin ya rufe baki, domin hanyar bayi ta falo take bi. Wata ta ce bari ta shiga ta taya ta ɗauko kwanuka. Liyatu ta danna mata wuƙa da albasar da ba a buƙata. Ta saki labulen tagar kicin. Sannan ta shiga ta yafito Malachy da yatsa.

"Fito ka ga baƙinka."

Ya ɗaga labule ya leƙa, ya sake shi da sauri. "Wa ya gayyace su?"

"Tukunya."

"Me ya sa kika aro ta?"

"Wa ya ce kada gida ya yi ƙamshi? Wa ya ce bayan gida? Wa ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya?"

"Yi a hankali, za su ji."

"Su wa? Na ciki ko na waje? Baban Jimmai, in mutanen nan suka ga kwalaben nan, ba mai ƙara cin abin hannuna a garin nan. Kai gobe za ka koma ofis. Ni ina zan koma, taga?"

Malachy ya sosa ƙeya. Ya ce saura kwalba ɗaya, mai shekara, da an gama zai tattara komai ya tura ƙarƙashin gado. Ta ce ya rufe ƙofar baya da sakata. Ya ce to. Bai rufe ba, domin a daidai lokacin Farfesa ya kira shi ya zo ya shinshina wani abin mamaki: wai a kofin ƙarshe yana jin hayaƙin itace mai daɗi da wani fure da bai taɓa ji a tekila ba. Liyatu ta san furen. Humrar Hajiya ce ta biyo ta ƙasan taga.

Shinkafa ta nuna. Ta buɗe tukunyar, tururi ya tashi, aka fara miƙo tire. Ta cika na maza, tana cikin cika na mata, hankalinta ya fara dawowa jikinta, sai ƙofar baya ta buɗe.

Farfesa Holcomb ne a kan matakala, fuskarsa ta yi ja, yana murmushi har kunne. Ya biyo hancinsa ne. A hannunsa na dama kuwa ga kwalbar nan mai shekara, a buɗe. Ya ga jama'a ya yi murna, ya gaishe su da hannun da ke riƙe da kwalbar. Ya ga tukunya ya ƙara murna. Ya sauko yana cewa bai taɓa ganin irinta ba, a Meziko ma ya ga masu girki suna ɗan zuba wannan a kan nama, yana fito da ɗanɗano, bari ta gani, ɗigo kaɗan kawai.

Liyatu ba ta san lokacin da ta kifa murfi ba. Ƙarar ta sa tsuntsaye suka tashi daga bishiya. Ta shiga tsakaninsa da tukunyar, ta ɗora tafin hannu a kan murfin mai zafi, ta ce masa da Turanci, a'a, ranka ya daɗe, ba a nan ba. Ya ja baya da sauri yana ba da haƙuri, abin cikin kwalbar ya fantsamo ya sauka a zanenta.

Har yara suka daina tsere.

"Tekila ce," in ji Alhaji Tahirou, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Duk Asabar ina kwaso masu shan ta daga Elm Street. Kujerar bayana ta haddace warinta."

Ruwaida ta karɓe faranti daga hannun 'ya'yanta, ta ajiye a ƙasa. Maza suka janye hannu daga tire. Ba wanda ya tashi tukuna, ba kuma wanda ya kalli Liyatu. Hajiya ake kallo.

"Maman Jimmai, zo nan."

Ta je ta durƙusa, hannunta yana zogi.

"Jiya na tambaye ki me ake yi."

"Kin tambaya, Hajiya."

"Kika ce baƙi."

"Baƙin ne, Hajiya."

"Ƙarya dai ba ki yi ba, gaskiya ma ba ki faɗa ba. Ni za ki ɓoye wa? Ƙananan kofunan nan nake wankewa a Irving Park tun kina Zariya kina koya wa yara baƙi da wasali. Da kin buɗe baki, da na ba ki tukunyar, na ce wa Alhaji ya rufe but ɗinsa ya rufe bakinsa. Yanzu ga shi kin sa na ɗaura leshi na zo mashaya."

"Kunya ce ta hana ni, Hajiya. Na same ki a kan darduma."

"Yau kuma ina kunyar ta kai ki?" Hajiya ta gyara zama. "Abin nan ya taɓa tukunyata?"

"Bai taɓa ba."

"Ludayi fa? Tire?"

"Na waje daban, na ciki daban. Tun safe na raba su. Waɗannan ba su shiga gidan ba."

Hajiya ta dube ta, ta dubi zanen da ya jiƙe, ta dubi tafin hannun da ya yi ja. Ta miƙa hannu aka tashe ta. Ta taka har gaban tukunyar, ta ce a buɗe. Ta sunkuya ta sa hanci cikin tururin, ta rufe ido, ta daɗe a haka. Farfesa, da ke tsaye gefe ya rungume kwalbarsa, ya gyaɗa kai cike da girmamawa, kamar ya gamu da abokiyar sana'a. Sannan ta ɗebi shinkafa a ludayi, ta zuba a tafi, ta hura, ta kai baki.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce. "Je ki canza zane. Kai kuma Dakta, ka gaya wa Baturenka ya mayar da abin nan ciki ya wanko hannunsa, in yana son ci."

Aka ci. Baƙin falo suka fito suka zauna a matakala da faranti a cinya, miyar taushe tana sa su hawaye, suna neman ƙari. Girkin da aka yi wa mutum takwas ya ƙare tas, har ƙanzo. Amma ba kowa ya ci ba. Ruwaida ta ɗauki kularta da 'ya'yanta ta ce kanta ke ciwo, wasu gida biyu suka bi ta. Da Ruwaida ta haihu bayan 'yan makonni, wata aka kira ta yi girkin suna, shinkafar ta caɓe, Liyatu kuma a gida ta ji labari. Abin ya ci ta, ba ta gaya wa kowa ba.

Tukunyar ba ta kwana a Glenwood ba. Hajiya ta sa aka ɗauke ta da maiƙonta, ta ce ita za ta wanke da kanta. Sati biyu Liyatu tana jin ƙarar waya tana zabura. A na uku Alhaji Tahirou ya yi hon a ƙofar gida, ya ce Hajiya ta ce ta fito da wuƙarta, akwai walima gobe kuma albasa ba ta yanka kanta. Tun daga lokacin, duk sanda Liyatu ta je aron tukunya, Hajiya takan tambaye ta, a gaban ko wane ne, "Naki ne ko na Dakta?"

Shi Daktan kuwa, ranar Litinin da ta biyo bayan abin ya dawo daga jami'a yana washe baki. Ya ce Farfesa ya faɗa a gaban kowa cewa ba a taɓa yin zama mai daɗin wannan ba. Ya ce wata mai zuwa giyar shinkafa ta Japan za a ɗanɗana, kuma duk sun yarda a sake yi a gidansu, a kuma gayyato matar nan mai hanci.

Liyatu tana tsince wake a tire, hannu ɗaya a naɗe da bandeji. Ba ta ɗago ba.

"Ka ɗaga hannu?"

"Ban ɗaga ba. Ban dai ce a'a ba."

"To ka san gidan Hajiya. Ka je ka aro tukunyar da kanka, ka gaya mata abin da za a yi da bakinka. In ta ba ka, ni kuma zan dafa."

Ya ce ba komai, zai je ranar Juma'a. Har suka bar Greensboro bai je ba.